Duhun da ke bayan taurari ba fanko ba ne

A Garwa ko Marwa, in dare ya tsala aka ɗauke wuta, za ka ga farar hanyar taurari ta ratsa sama. Mutane da yawa sun ɗauka daga inda taurarin suka ƙare, sai fanko. Ina! Iskar gas ce lulluɓe da gungun taurarinmu, wato wannan farar hanyar da muke gani, zafinta ya haura digiri miliyan ɗaya, sai dai ba ta da kauri, ido ba ya ganinta.

A 2012 masana suka auna ta da na'urar Chandra ta Amurka, mai kama irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Oksijin da ke cikin iskar gas ɗin kan shanye wani kaso na hasken da ke tahowa daga nesa, ta nan asirinta ya tonu.