Waiwaye: tun yaushe ake fama da fata wajen auna motsin ƙashi?

Duk wanda ya taɓa ganin bidiyon nan da ake manna wa mutum ƴan ƙwallaye masu ƙyalli a cinya da gwiwa da idon sawu, yana tafiya kyamarori na ɗauka, zai zaci ai kwamfuta ƙashi take gani. To ba shi take gani ba fa, fata take gani, ita kuma fata ba a liƙe take da ƙashi ba, tsoka na ɗaurewa tana saki, naman cinya na rawa duk sanda diddige ya doki ƙasa. Ɗora yatsa a gefen gwiwarka ka lanƙwasa ta, za ka ji ƙashin na zamewa a ƙasan yatsan.

Wannan awon tafiyar ya samo asali tun shekarun 1880 a Faransa, inda Étienne-Jules Marey yake sa wa mutum baƙaƙen kaya masu fararen layuka a hannu da ƙafa ya ɗau hotonsa yana tafiya. A 1891 Braune da Fischer a Leipzig ta Jamus suka ɗaura wa mutum fitilu suka lissafa tafiyarsa ta kowace kusurwa. Bayan yaƙin duniya na biyu kuma, sojoji sun dawo Amurka ba ƙafafu ana neman ƙafar roba mai kyau, sai su Verne Inman a Berkeley suka bi ta hanya mai zafi, suka kafa wa masu sa kai ƙusoshin ƙarfe har cikin ƙashi don ganin yadda yake juyawa, aikin ya fito a 1948.

Da kyamarori irin na kamfanin Vicon suka shigo a shekarun 1980 sai abun ya koma asibiti, musamman ga yara masu larurar ƙwaƙwalwa da ke sandarar da gaɓɓai, wanda wani lokacin likita na duba wannan awon ne kafin ya yanke shawarar yanka ƙashin cinya a juya shi. Nan kuskure ya daina zama na takarda kawai.

A 1992 wani mai bincike, Lafortune, ya sake komawa kan kafa ƙusa a ƙashi da mutum 5. Amma ni a ganina aikin Aurelio Cappozzo na Italiya a 1996 ya fi wayo, don bai huda kowa ba, ya nemo masu karaya waɗanda dama an riga an kafa musu ƙarfe ta waje, ya kwatanta motsin ƙarfen da na ƙwallayen kan fata, sai ga shi wasu suna gocewa har santimita 4. Kuma babbar matsalar ita ce gocewar tare take tafiya da takun mutum, shiyasa ba yadda za ka tace ta ka fitar ba tare da ka zubar da motsin gaskiyan ba. Lanƙwasawa da miƙewar gwiwa suna fitowa daidai gwargwado saboda motsi ne babba, amma juyawa ciki da waje da karkacewa gefe, ƴan digiri ne kawai, kuskuren kan kai girman abun da ake aunawa.

Daga nan masu lissafi suka shigo. Andriacchi a Stanford a 1998 ya ce a zuba ƙwallaye da yawa a cinya a bar lissafi ya rage kuskuren. Lu da O'Connor a Oxford a 1999 suka ce a'a, a haɗa ƙafar gaba ɗaya a kwamfuta a gindaya wa kowace gaɓa iyakar da ba za ta wuce ba. Wannan ya hana hoton ƙashi ɓallewa daga mahaɗa, sai dai kuma gwiwar da jijiyarta ta tsinke ai dama ba ta bin ƙa'ida, in ka tilasta mata bin ƙa'idar mai lafiya ka ɓoye cutar kenan.

Yanzu abun da aka fi yarda da shi shi ne bidiyon eksire ta kusurwa biyu, yana nuna ƙashin kansa, amma akwai tururin radiyeshin, ga tsada, ga wurin da yake ɗauka ɗan mitsitsi, taku ɗaya da ƙyar. Su kuma sabbin manhajojin da ke aiki ba ƙwallaye, bidiyo kawai, sun rage wahalar manne-manne sosai, amma har yanzu fata da wando suke kallo su yi hasashen ƙashin da ke ciki.