Tsofaffin Dandamalin Mai a Teku: Amsoshin Tambayoyin da Ake Ta Maimaitawa

'Yan'uwa masu aiki a Dammam da Jubail na Saudiyya, tambayoyinku kullum iri ɗaya ne. Ga amsa a wuri guda.

Shekara nawa dandamali ke yi?

Yawanci shekara 20 zuwa 25 ake ƙera shi ya yi. Safaniya kuwa, filin mai na Saudiyya a cikin teku, tana ba da mai tun 1957, dole a samu waɗanda suka wuce wa'adi. Bincike ke yanke hukunci.

Ina tsatsa ta fi ci?

Daidai inda igiyar ruwa ke jiƙa ƙarfe, ta janye, iska ta buge shi. Kariyar lantarki da ke hana ƙarfe tsatsa a ƙarƙashin ruwa ba ta kaiwa nan, sai fenti da kaurin ƙarfe. Ruwan Khalij (Tekun Fasha) kuma ga gishiri, ga zafi.

Anod ya zaizaye, matsala ce?

Aikinsa ke nan, Malam. Dunƙulen alminiyam ne da tutiya da ake manna wa ƙarfe a cikin ruwa, don tsatsa ta ci shi ta bar ƙafar dandamali. Ka auna lantarkin ƙarfen dandamali: -0.80 volt ko ƙasa da haka (wato lambar bayan alamar ragi ta fi 0.80), lafiya. In ka ga -0.70, kariya ta gaza, a sa sabo.

Masu nutso sun tarar ruwa ya shiga bututun tokare. A tsayar da aiki?

Kada a yi gaggawa, kada kuma a yi sakaci. Bututun nan da ke tokare ƙafafun dandamali a rufe yake, ruwa a cikinsa alama ce cewa tsaga ta ratsa kaurinsa, galibi a bakin walda inda bututu ya haɗu da ƙafa. Amma wani tun ranar kafa shi ruwa ya shiga, don haka a fara duba tsofaffin takardu. Sannan a kankare kawa da gansakuka har ƙarfe ya fito fes, a bi waldar da gwajin maganaɗisu, a auna tsawon tsagar. Injiniya ya cire bututun a lissafin kwamfuta, ya ga ko sauran za su jure guguwar da ake sa rai sau ɗaya a shekara 100. Dandamali mai ƙafa takwas yakan jure, mai uku ko huɗu da ƙyar, shi ma ya danganta da inda bututun yake. In ƙarfi ya ragu, a rage mutane da kaya, a ɗaure wurin da maƙalin ƙarfe a ɗura siminti. Wanda ke cewa "ƙaramar tsaga ce" ya tuna dandamalin Alexander Kielland a tekun Norway, 1980: tsaga daga ƙaramar walda ta karya tokare, dandamali ya kife, mutum 123 suka mutu.

Za mu iya ɗora sabon janareta a sama?

Kun auna nauyin da aka riƙa ɗorawa tun da aka kafa shi? Tanki nan, bututu can, babu wanda ya rubuta. Haba! Ku kawo cikakken lissafin nauyi tukuna, ku duba ko ruwa ya kwashe yashi a gindin turaku, sannan a yi maganar janareta.