Murar Tsuntsaye Ba Ta Kaji Kaɗai Ba Ce

Tun Fabrairun 2006, da aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye ta H5N1 a wata gonar kaji a Jaji, jihar Kaduna, karon farko a Afirka, masu fige kaji a kasuwannin Kaduna ke cewa: "Ciwon kaji ne, ga mu nan garau."

Maganar ba haka take ba. A 2007 cutar ta kashe wata mata a Legas. Kuma ƙwayar na iya shiga jikin mutum ba tare da ta kwantar da shi ba, ko ta zo kamar 'yar mura ta wuce.

Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke ɗibar jinin masu kiwo da mahauta kaji. Idan ƙwayar ta shiga, jiki kan ƙera garkuwa cikin mako 2 zuwa 3, garkuwar kuma takan daɗe a jini. Ita ake nema, kamar sawun ɓarawo bayan ya tsallake katanga. Samunta ba ya nufin kana yaɗa cutar yanzu.

Abin da ke damuna shi ne yaran da ke fige matattun kaji da hannu tsirara. Don Allah, a daina ba su wannan aikin.