Kada ku zuba wa injin hura ganye fetur yana da zafi

Tun da hunturu ya kankama, darbejiya da madaci suka fara kakkaɓe ganyensu, nake ganin ƙuna iri ɗaya tana ta dawowa ɗakin da muke wanke rauni. Masu zuwa da ita kusan duk sana'arsu guda ce, wato matasan da ke kula da furanni da shara a rukunin gidaje, da otal-otal, da makarantu masu faɗin haraba. Ƙunar takan kama bayan hannu har zuwa gwiwar hannu, wani lokaci kuma gadon baya, daga kafaɗa zuwa ƙugu. Kafin in buɗe baki in yi tambaya na riga na san amsar: injin hura ganye ne, wanda ma'aikata ke kira bulowa, kuma an zuba masa fetur ne yana da zafi.

Akwai wani saurayi da aka kawo mana da hantsi, wanda bai fi shekara ashirin ba. Rigar ƙwallo ce a jikinsa, irin ta roba, ta narke ta manne da fatar bayansa, sai da muka bi ta da almakashi a hankali, yana cije leɓe, abokin aikinsa yana riƙe da kansa. Da ya ɗan samu natsuwa na ce masa, "Ƙanena, yaya aka yi haka ta faru?" Ya ce, "Wallahi Likita, mai ne ya ƙare, kuma maigida ya ce in gama kafin baƙinsa su iso. Ban ma sauke injin ba, na ce wa abokina ya zuba mini yana bayana." Abokin ya zuba daga gorar ruwa ba tare da mazurari ba, man ya malala a kan salansa da rigar, sannan ya ja masa igiyar tayarwa. Sati nawa wannan yaro zai yi bai kwanta rigingine ba saboda minti goman da aka ƙi jira injin ya huce?

Ba sai na yi dogon bayani ba. Tururin fetur ne yake kamawa da wuta, kuma ya fi iska nauyi, saboda haka ba ya tashi sama ya watse da sauri, yakan kwanta ne a ƙasa kusa da ƙafafunka da jikin injin. Salansar injin da ya yi awa guda yana aiki tana da zafin da zai ƙona fata nan take, ga kuma fulogi da ke fitar da tartsatsi da zarar an ja igiya. Tankin ma idan ya ɗauki zafi yakan tara iska a cikinsa, wanda ya buɗe murfin da gaggawa sai man ya feso masa a fuska. Duk wanda ya haɗa waɗannan abubuwa wuri guda ya kira wuta da hannunsa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, babu wanda na taɓa yi wa wannan magana ya ce bai sani ba. Kowa ya sani. Amsar da nake samu ita ce, "Ai kullum haka muke yi, ba abin da ya taɓa faruwa." To, wanda yake kwance a gadonmu shi ma haka yake faɗa har jiya. Tsira sau ɗari ba ta hana ƙuna ta ɗari da ɗaya. Ku kashe injin, ku sauke shi daga baya, ku ajiye shi a ƙasa a fili inda babu busasshen ganye, ku bar shi ya huce aƙalla minti goma, sannan ku zuba mai da mazurari. Idan ya zube ku goge shi tas, idan ya taɓa riga ku canza ta, kuma ku matsa da injin aƙalla mita 3 daga inda kuka zuba man kafin ku tayar da shi, kamar yadda littattafan kamfanonin da ke ƙera shi suke umarta. Ina roƙonku da girman Allah, kada wanda ya sake zuba wa ɗan'uwansa fetur alhali injin yana goye a bayansa.

Masu gida da masu kula da ma'aikata, ku ma maganar ta shafe ku, domin gaggawar da ke ƙona yaran nan sau da yawa daga bakinku take fitowa. Wanda ya iya sayen inji mai tsada ba zai rasa kuɗin jarka mai murfi da mazurari da safar hannu ba. Ganyen da ya ƙara minti goma a tsakar gida ba zai rage wa kowa daraja a idon baƙi ba, amma yaron da ya ƙone a harabarka haƙƙinsa yana wuyanka. Na san akwai masu gida na kirki da suke kawo ma'aikacinsu asibiti da motarsu, su biya kuɗin magani ba tare da ƙorafi ba, Allah ya saka musu da alheri, sai dai da sun ce masa tun farko ya huta har injin ya huce, da ba a kai ga haka ba.

Ba ƙuna ce kaɗai illar injin ba. Ƙararsa a kunnen mai riƙe da shi takan zarce ma'aunin desibel 85, wanda daga nan ne ji yake fara lalacewa idan an daɗe ana sha, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa, don haka a sanya abin toshe kunne na gaske, auduga ba ta wadatarwa. Hayaƙinsa yana ɗauke da irin gubar da ke kashe masu kwana da janareta a ɗaki, kada a tayar da shi a gareji ko a sito. Ƙurar da yake tayarwa kuwa, a wannan lokaci da masu asma ke cika mana benci, tana buƙatar takunkumi da tabarau, kuma a kawar da yara da tsofaffi daga wurin kafin a fara.

Game da kula da injin, ga abin da ya zama dole a taƙaice:

- Yawancinsu ana haɗa musu fetur da man 2T, wato man inji na musamman da ake gauraya wa fetur, a tanki ɗaya. Awon da ya fi yawa shi ne kashi 50 na fetur da kashi 1 na man 2T, wato mililita 100 na man 2T a lita 5 na fetur, amma a duba littafin injin, domin wasu sun fi haka shan man 2T.
- A yi haɗin a jarka, ba a cikin tanki ba, kuma kada a ajiye shi ya wuce wata guda.
- Kada a zuba fetur a gorar ruwa ko ta lemo, domin yara suna ɗauka su sha.
- A riƙa kakkaɓe matatar iska, musamman a hunturu, a duba fulogi, a duba tiyon mai da murfin tanki. Injin da yake yoyo a kai shi wurin bakanike, kada a ɗaure shi da leda.
- Idan za a daɗe ba a yi aiki da shi ba, a juye man da ke ciki bayan ya huce.

In kuwa tsautsayi ya auku, wanda wuta ta kama rigarsa kada ya ruga da gudu, ya faɗi ƙasa ya yi birgima, na kusa su lulluɓe shi da bargo ko babbar riga ta auduga. A zuba wa wurin ruwa mai tsabta mai ɗan sanyi har tsawon minti 20, ban da ƙanƙara. A cire zobe da agogo kafin wurin ya kumbura, amma rigar da ta manne da fata a bar mana ita. Ban da makilin, ban da ɗanyen ƙwai, ban da gishiri ko manja ko baƙin mai, domin duk abin da kuka shafa sai mun kankare shi kafin mu ga raunin, kuma majinyacin ne yake shan azabar kankarewar. A rufe wurin da ƙyalle mai tsabta a kawo shi asibiti a ranar, musamman idan ƙunar ta taɓa fuska, ko hannu, ko gaɓa, ko ta fi tafin hannunsa faɗi.