Inshorar kayan dafa giya a gida a Birtaniya da Amurka

Inshorar kayan dafa giya a gida wani ɗan reshe ne na inshorar gida, ba wai wata inshora ce mai zaman kanta ba. Maganar ta shafi mutanen da ke haɗa giyarsu da kansu a kicin ko gareji ko wani ɗan shago a bayan gida, dan sha'awa ba dan sayarwa ba, abin da ya yaɗu sosai a Birtaniya da Amurka da Ostireliya da Niyu Zilan. Tambayar da ake yi kullum ita ce, in gobara ta tashi ko ɓarawo ya shigo ko ruwa ya malale, shin kamfanin inshora zai biya kuɗin tukwane da sauran tarkacen, kuma shin ajiye su a gida yana ƙara kuɗin da mutum ke biya duk shekara. Amsar a gajarce dai ita ce kayan kansu ba su cika ƙara komai ba, inda gizo ke saƙar shi ne ɓarnar da kayan za su iya jawowa, da kuma abin da maigidan ya faɗa wa kamfani ko ya ɓoye.

Yadda doka ta halatta abin

A Birtaniya tun daga 1880 sai mutum ya yanki lasisi kafin ya dafa giya a gidansa, har zuwa 1963 lokacin da ministan kuɗi Reginald Maudling ya soke wannan sharaɗi. A Amurka kuwa sai a Oktoban 1978 shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta ba da dama, ta fara aiki a Fabrairun 1979, inda aka yarda baligi ɗaya ya yi galan 100 a shekara, gidan da ke da manya biyu ko fiye kuma galan 200. Amma kowace jiha tana da ta cewa, shi ya sa Alabama da Misisipi ba su amince ba sai 2013, su ne na ƙarshe. Wannan ya shafi inshora kai tsaye dan kamfanoni kan ƙi biyan diyyar asarar da ta samo asali daga aikin da doka ta hana. Tace barasa mai ƙarfi ta hanyar tururi, irin yadda ake yin ogogoro, har yanzu laifi ne a ƙasashen biyu in babu lasisi, Niyu Zilan ce ta halatta shi tun 1996. Toh duk wanda na'urar tatar barasa ta ƙona masa gareji a Ingila to kawai ya rungumi ƙaddara.

Kayan da ake magana a kai

Mai farawa ba ya buƙatar komai sai bokitin roba mai murfi da ɗan tiyo da kwalabe, wannan ko an sace ba wanda zai je ya kai ƙara. Amma abin yana da shiga rai, bayan shekara biyu uku sai ka tarar mutum ya tara tukwanen silba manya, da injin niƙa sha'ir, da na'ura mai haɗa komai wuri ɗaya irin Grainfather ta Niyu Zilan ko Braumeister ta kamfanin Speidel na Jamus, da firij na musamman dan daidaita zafin tsimi, da tukunyar iskar gas ta CO2, da durom-durom na ƙarfe masu cin lita 19 waɗanda asali na lemon kwalba ne. A Birtaniya dahuwa ɗaya yawanci lita 23 ce, a Amurka galan 5 wato kusan lita 19. In aka haɗa lissafi sai a ga kuɗin ya haura dubban fam, kuma mafi yawan masu abin ba su taɓa zama sun lissafa ba saboda ɗaya bayan ɗaya suka saya, wasu ma na hannu ne babu rasit.

A Birtaniya inshorar gida kashi biyu ce, ta gini da ta kayan ciki. Ta gini banki ne ke tilasta wa duk wanda ya sayi gida da bashi, ta kayan ciki kuwa ganin dama ce. Yadda ake bambance su a sauƙaƙe shi ne, in ka kifa gidan ka girgiza shi duk abin da ya zubo na kayan ciki ne, saboda haka tukwanen giya suna nan tare da talabijin da kujeru. A Amurka takarda ɗaya ce take ɗauke da komai, wadda aka fi sani ita ce HO-3, tana da sashen gini, da na ƙananan gine-gine kamar garejin da ba a haɗe yake da gida ba wanda yawanci kashi 10 cikin 100 ne na kuɗin ginin, da na kaya, da na alhakin cutar da wani.

Inda ake samun matsala

Na farko akwai iyakar kaya ɗaya. Kamfanonin Birtaniya da yawa suna sa iyaka, wajajen fam 1,500 zuwa 2,000, duk wani abu guda da ya wuce haka sai an rubuta sunansa daban a takarda. Wasu kuma in kaya suna aiki tare sai su ƙirga su a matsayin saiti ɗaya, kenan tukunya da famfo da na'urar sarrafa zafi za su iya zama abu guda a idon kamfani ko da kai daban-daban ka saye su.

Sai maganar gareji da ɗakin ajiya na bayan gida, wanda nan ne akasarin masu dafa giya suke aikinsu dan matar gida ko maigida ba sa son warin a kicin. Kuɗin da ake biya kan sata daga irin waɗannan wurare yana da nasa iyakar daban kuma ƙarami ne, sannan sau da yawa sai an ga alamar an fasa ƙofa ko an karya kwaɗo, in ka bar wurin a buɗe ka shiga shan shayi aka kwashe to ba ruwansu.

Amma babbar asarar ba daga ɓarawo take zuwa ba, daga ruwa da wuta take. A duba ranar dahuwa dai. Mutum ya cika tukunya da ruwan sha'ir lita ashirin da wani abu, ya kunna hita mai ƙarfin kilowat 3 wanda shi ne iyakar abin da soket ɗin Birtaniya mai amfiya 13 zai ɗauka, kuma sau da yawa ta doguwar waya mai naɗi aka jawo wutar ba a ma warware ta duka ba, tana ta ɗaukar zafi. Ruwan zai tafasa kamar awa ɗaya, tururi ya cika silin, sannan a jona tiyo da famfo dan a sanyaya shi da sauri, in tiyon nan ya subuce mutum yana can yana wanke kwalabe to kafin ya ankara ruwa ya bi ƙarƙashin katakon ƙasa, in a bene yake ya sauka kan maƙwabcin ƙasa. Malalar ruwa daga bututu ko na'ura tana cikin abubuwan da kamfanonin Birtaniya suka fi kashe kuɗi a kansu, kuma ana biya, amma ruwan da kai ka kifar da hannunka wannan sai in ka sayi ƙarin kariya ta ɓarnar kuskure, wadda ba ta zuwa kyauta. Shi kuwa tururin da ya yi shekara yana ruɓar da silin a hankali har fumfuna ta fito, ba a biyansa ko kaɗan, dan ƙa'idar inshora ita ce abin da ya faru farat ɗaya, ba wanda ya lalace sannu a hankali ba. A Amurka an fi amfani da murhun gas na furofen, wanda na waje ne, amma lokacin sanyi wasu sai su shige gareji da shi su ja ƙofa, ga haɗarin gobara ga na iskar da ke kashe mutum ba wari ba hayaƙi.

Akwai kuma abin da masu harkar ke kira bam ɗin kwalba, wato in an zuba sukari ya yi yawa ko an ɗura giyar tun yis, abin da ke tsima ta, bai gama aikinsa ba, gas ya taru kwalbar ta tarwatse. In a kabad ɗinka ta fashe asarar kaɗan ce. In kyauta ka ba wani ta fashe masa a fuska, nan ne sashen alhaki yake shigowa, wanda a Birtaniya yakan kai fam miliyan 1 zuwa 2, kuma a ganina wannan sashen ya fi kuɗin tukwanen muhimmanci nesa ba kusa ba duk da ba wanda yake karanta shi.

Duk wannan kariya tana nan ne muddin abin sha'awa ne. Ranar da mutum ya karɓi kuɗi, ko da kwalba goma ce ya sayar a wurin biki, ya zama ɗan kasuwa, inshorar gida kuma ba ta ɗaukar kasuwanci. A Birtaniya ma sai ya yi rajista da hukumar haraji ta HMRC ya biya harajin giya ya kuma nemi lasisin sayarwa. A takardun Amurka na gama-gari kayan sana'a da ke cikin gida 'yan dubban daloli kacal ake biya a kansu. Game da faɗa wa kamfani kuwa, dokar Birtaniya ta 2012 da ta fara aiki a 2013 ta sauƙaƙa abin, yanzu aikin mai sayen inshora shi ne ya amsa tambayoyin da aka yi masa da gaskiya da kulawa, ba sai ya yi ta tono abin da ba a tambaye shi ba kamar da. Wanda aka hana diyya yana ganin an zalunce shi yana iya kai kuka ofishin sasanta rikicin harkar kuɗi na ƙasar, kyauta ne.

Me ke sa kuɗin inshorar gida ya hau

Tun asali haɗarin ginin ake kallo. Bayan gobarar Landan ta 1666 da ta cinye gidaje sama da 13,000, Nicholas Barbon ya buɗe ofishin inshorar gobara a wajajen 1680, kuma a lokacin gidan katako ninki biyu yake biya na gidan bulo. A Amurka Benjamin Franklin da abokansa suka kafa nasu a Filadelfiya a 1752, su ma sai sun duba gida kafin su karɓa. Har yau tunanin bai canza ba, kwamfuta ce kawai ta karɓi lissafin.

Abin da ya fi nauyi shi ne unguwa, kuɗin sake gina gidan daga tushe ba kuɗin sayar da shi ba, shekarunsa, irin rufinsa, irin makullan ƙofa, da sau nawa mutum ya nemi diyya a shekarun baya. A kudu maso gabashin Ingila ƙasar yumɓu ce, in aka yi fari kamar na 2018 da 2022 sai ta tsuke ginin ya nutse bango ya tsage, irin wannan kuwa fam 1,000 na farko yawanci maigida ne zai biya daga aljihunsa. Wannan kason da ake cirewa kafin a biya ka, wanda suke kira ekses, in ka yarda a ƙara shi kuɗin shekara yana sauka, shi ya sa ma neman diyyar tukunyar fam 300 ba shi da wata riba, a cire ekses sannan a ƙara maka kuɗi baɗi. Ga kuma harajin gwamnati a kai, wanda aka fara a 1994 da kashi 2.5 cikin 100, yanzu tun 2017 yana kashi 12. Ambaliya ta sa a 2016 aka kafa shirin Flood Re dan gidajen bakin kogi su samu inshora mai sauƙi, amma ban da gidajen da aka gina daga 2009 zuwa sama, kuma an tsara zai ƙare a 2039. A Janairun 2022 hukumar FCA mai sa ido kan harkar kuɗi a Birtaniya ta hana wata tsohuwar dabara ta kamfanoni, ta jawo sabon kwastoma da araha sannan a riƙa tsuga wa tsohon da bai sauya ba kuɗi duk shekara. A Amurka ambaliya ma ba ta cikin inshorar gida sam, shirin gwamnatin tarayya ne na 1968 yake ɗaukarta, a Kalifoniya kuma gobarar daji da tsadar gini sun sa kamfanin inshora na State Farm ya daina karɓar sababbin gidaje a Mayun 2023. In aka ajiye tukunyar giya kusa da waɗannan sai a ga ba ta kai a yi maganarta ba.

Inda take cizo a ɓoye shi ne wajen rage ƙimar kaya. Misali mutum kayan gidansa duka sun kai fam 60,000 amma ya rubuta 30,000 dan ya manta da abin da ke gareji da sauransu, in ya yi asarar 10,000 wasu kamfanoni rabi za su ba shi wato 5,000, dan rabin kuɗin da ya kamata ya biya kenan yake biya. Shi ya sa ake ba masu wannan sha'awa shawarar su ɗauki hoton kayan, su ajiye rasit da lambobin na'urori a waya ko imel ba a cikin garejin da zai ƙone ba.

A Najeriya da Nijar dafa burukutu da fito a gida tsohuwar sana'a ce ta mata a wasu garuruwa, amma sana'a ce ta neman abinci da tukwanen ƙasa da ganguna, dan haka ko da gidan yana da inshora, wanda da wuya, sharaɗin kasuwanci zai fitar da ita. Kamfanonin takaful kuwa, wato inshorar Musulunci, irin wanda aka fara kafawa a Sudan a 1979, aka kuma ba su Jaiz Takaful da Noor Takaful lasisi a Najeriya a 2016, suna aiki ne ƙarƙashin kwamitin malamai, kayan giya ba sa cikin abin da suke karɓa tun farko.