Waiwaye: Stanley Anderson, mai zanen da ya adana masu sana'ar hannu na Ingila a kan jan ƙarfe

Abin da ido zai fara kamawa a hoton da Stanley Anderson ya zana shi ne takardar ba a shafe take ba. Akwai gurbi mai kusurwa huɗu da ya lotsa a tsakiyarta, shaidar inda farantin jan ƙarfe ya danne ta, in kuma ka matso kusa sai ka ga tawadar ta ɗan tasa kamar zaren ɗinki. Daga ƙasa ga sa hannunsa da fensir. Wannan 'yar takarda ce masu tara zane a Birtaniya da Amurka suke bi gidajen gwanjo suna nema, kusan shekara 60 da rasuwar wanda ya zana ta.

An haifi Anderson a birnin Bristol a 1884, kuma sana'ar gado ya tarar a gida. Mahaifinsa mai sassaƙa tambarin manyan gidaje ne a jikin kayan ƙarfe, irin su faranti da kofi da cokali. Yana ɗan shekara 15 aka zaunar da shi koyon aikin, ya shafe shekara bakwai a kai, da yamma kuma yana zuwa makarantar zane. Sai a 1909 ya samu tallafin karatu ya tafi Landan, inda ya koyi zanen bugawa a hannun Frank Short a babbar kwalejin zane ta masarauta.

Manyan hanyoyi biyu ne a wannan sana'a, kuma bambancinsu shi ne ginshiƙin labarin. A ta farko, ana shafe farantin jan ƙarfe da kaki, a zana hoto da allura, a tsoma shi a ruwan asid ya cinye wuraren da allura ta buɗe. Hannu yana sakewa a nan kamar mai zane da alƙalami. A ta biyu babu asid. Wani ɗan ƙarfe ne mai kaifin baki ake dafa ƙotarsa a tafin hannu ana turawa, yana yanke jan ƙarfen layi bayan layi, ɗaya hannun yana juya farantin. Wanda ya taɓa zama kusa da mai sassaƙar ƙwarya zai gane irin haƙurin da ake nufi, sai dai a nan komai a juye ake zana shi, dama ta koma hagu, kuma kuskure ɗaya kan ci aikin kwanaki. In an gama sai a cusa tawada cikin layukan, a goge saman, a ɗora takarda mai danshi, a bi da su ta injin matsi.

Anderson ya shigo kasuwa a lokacin da take ci. Tun da Francis Seymour Haden ya kafa ƙungiyar masu wannan zane a 1880 darajarsa take hawa, zuwa shekarun 1920 kuwa abin ya zama haukar ciniki. Mutane suna sayen hotunan Muirhead Bone da D. Y. Cameron da James McBey, su kulle a akwati ba tare da sun rataye su ba, suna jiran farashi ya ninka. Anderson ya yi nasa na titunan Landan da garuruwan Faransa da Sifaniya, amma tun a lokacin idonsa yana kan waɗanda birni ya tauna ya zubar: marasa aikin yi, masu kwana a kan benci, tsofaffin da ke fakewa a ɗakin karatu don gudun sanyi. Daga 1925 yana koyarwa a kwalejin Goldsmiths, inda matasa irin su Graham Sutherland da Robin Tanner da Paul Drury suka yi karatu.

Sai kasuwar hannun jari ta Amurka ta rushe a 1929, ta tafi da kasuwar hotunan gaba ɗaya. Masu akwatuna suka fito da kayansu, babu mai taya. Da yawa daga masu zanen suka ajiye allura. Sutherland ya koma zanen fenti, kuma a can ya yi suna. Anderson bai bi su ba. Ya ma koma ga hanya mafi wuya, wato yankan ƙarfe da hannu da ya koya a shagon mahaifinsa.

A 1933 ya sayi gida a ƙauyen Towersey kusa da garin Thame, ya kuma tare can dungurungum bayan bama-baman yaƙin duniya na biyu sun lalata gidansa na Landan. Shekara 20 ya yi yana zana maƙwabtansa a bakin aiki: mai baibayar rufin ɗaki, baduku mai ɗinkin sirdi, masassaƙin ƙafar keken doki, masaƙin kwando, mai haɗa kujera, mai ɗaure ganga, tsohuwa mai saƙar leshi. Dubi hotonsa na mai gyaran shinge. Aikin shi ne a sari itacen daga gindi ba tare da an raba shi da saiwa ba, a kwantar da shi, a saƙa shi tsakanin turaku don ya ci gaba da tsiro. Anderson ya san yadda ake riƙe addar, ya san inda nauyin jiki yake sauka. A hotunan nan kowane kayan aiki yana inda mai shi zai miƙa hannu ya ɗauka, kuma fuskokin na mutanen da ya sani ne, ya zauna da su, suka yi hira.

Akwai masu cewa begen zamanin da ya wuce ne kawai, tunda ya fito fili yana ƙin sabon salon zane da yadda inji yake raba mutum da sana'arsa. Ni ban ga haka ba. Mai bege yakan ƙawata abu, shi kuwa ya bar kanta a tafin hannu da facin wando da ƙugun da ya ranƙwafa. Ya ga tarakta tana korar doki daga gona, ya san baduku da maƙeri za su bi bayan dokin, shi ya sa ya tsaya ya rubuta su da irin aikin hannun da shi ma yake shirin ɓacewa. An karrama shi a kan haka: cikakken ɗan majalisar zane ta masarauta a 1941, lambar yabo ta CBE a 1951.

Masu tara hotunansa a yau suna duba abubuwa sanannu. Akwai alamarsa, haruffan sunansa cikin 'yar kusurwa uku a jikin zanen. Akwai sa hannun fensir, da adadin da aka buga, wanda galibi 'yan gomomi ne kawai. Suna duba ko an datse gefen takardar, ko danshi ya yi mata tabo, ko rana ta kashe mata launi. Wasu kan nemi bugun gwaji da ya yi kafin ya kammala faranti, don a nan ake ganin inda ya sauya shawara. Aikin tantancewar ya yi sauƙi tun 2015, lokacin da majalisar zanen ta baje kolin ayyukansa a Landan, masana biyu kuma, Robert Meyrick da Harry Heuser, suka tattara bugunsa 260 a kundi guda. Hotunan masu sana'a su ne aka fi rububi a kai, alhali an yi su ne a lokacin da kasuwa ta mutu.

Na ƙarshe a jerin shi ne na mai feƙe maƙalen shanyar tufafi, a 1953. Ciwon jijiya ya kama masa hannun dama, ba ya iya tura ƙarfen yanka kuma. Ya koma zanen ƙauyuka da fentin ruwa har ya rasu a watan Maris na 1966.