Gidansa Ne, Ke Baƙuwa Ce: Dokar Kula da Mutum a Gidansa a Ingila

A ɗauka ke ce aka tura gidan wani dattijo mai shekara tamanin da 'yan kai a Bamingham, ƙarfe bakwai na safe. Kin ɗauko makulli daga ɗan akwatin da ke jikin bango, kin ƙwanƙwasa, kin shiga. Ya ce yau ba zai yi wanka ba, maganin hawan jinin ma ba zai sha ba. Da a gida ne mun san yadda ake yi. A lallaɓa, a rarrasa, in ya kafe a daka ƙwayar a zuba masa a kunu, ai don lafiyarsa ne. To, a Ingila wannan "ai don lafiyarsa ne" yana iya raba ki da aikin, ya kuma jawo wa kamfanin da ya turo ki bincike.

Maganar ta shafe mu. Tun da Birtaniya ta buɗe wa masu aikin kula da tsofaffi da marasa ƙarfi ƙofar biza a Fabrairun 2022, 'yan Najeriya da yawa sun tafi, har da namu na Arewa. An rufe ɗauko sababbi daga waje a Yulin 2025, amma waɗanda ke can suna nan suna shiga gidajen mutane safe da yamma. Da yawansu an ba su horo na 'yan kwanaki ne kawai, an ce ga abin da za a yi, ga wanda ba za a yi ba, ba a gaya musu daga ina dokar ta fito ba.

Hukumar da ke sa ido ita ce CQC, hukumar duba ingancin kulawa, wadda ta fara aiki a 2009 bisa dokar lafiya da kula da jama'a ta 2008. Ingila kaɗai take duba. Sikotland da Wels da Ayalan ta Arewa kowacce da tata hukumar. Ƙa'idojin da take aiki da su yanzu an rubuta su a 2014, suka fara aiki a Afrilun 2015. Duk kamfanin da ke tura ma'aikata su yi wa mutum wanka, su sa masa kaya, su kai shi banɗaki, su ciyar da shi ko su kula da bakinsa da fatarsa, dole ya yi rajista, kuma ya kasance yana da manaja wanda shi ma ya yi rajista da sunansa. Yin wannan sana'a ba rajista laifi ne da zai iya kai mutum gidan yari har wata 12. Wanda aikinsa shara da cefane ne kawai bai shiga ciki ba. Haka kuma idan mutum ya ɗauki mai taimaka masa da kansa, shi ke biyansa shi ke sallamarsa, hukumar ba ta da hannu.

Kulawar gida iri biyu ake magana a kai. Na farko kowa ya gane shi: mutum yana gidansa na tun asali, ana zuwa masa sau biyu ko sau huɗu a rana. Na biyun ne ke rikita mutane, wato zaman gidan kai da taimako. Yawanci na masu lalurar da ke rage saurin koyo da fahimta ne, ko masu otizim (lalurar da ke shafar mu'amala da mutane), ko masu lalurar ƙwaƙwalwa. Za ki ga mutum uku ko huɗu a gida ɗaya, ma'aikata na kwana da su, ki rantse gidan kula da marasa ƙarfi ne. A wurin doka ba haka ba ne. Kowannensu ɗan haya ne, yana da takardar hayarsa da mai gida, kuma takardar kula da shi daban take. In ya gaji da kamfanin da ke kula da shi, yana da damar canza shi ba tare da ya rasa ɗakinsa ba. Idan kuwa aka ɗaure gida da kulawa wuri guda, ta yadda barin ɗaya barin ɗayan ne, to wurin ya zama gidan kula, kuma rajistarsa daban ce.

Wannan bambanci ba na takarda ba ne kawai. Shi ya sa ma'aikaci ba shi da ikon kafa dokar lokacin barci, ko hana baƙi shigowa, ko mayar da falon mutane ofis ya manna takardun aiki a bango. Shi ya sa kuma CQC ke duba kulawar amma ba ta duba ginin, kuma jami'inta ba zai faɗa ɗakin mutum ba sai da yardarsa. Ofishin kamfani yake zuwa, ya karanta takardu, ya buga wa mutane da iyalansu waya, ya ziyarci wanda ya amince. Ni a ganina nan ne raunin tsarin yake, domin abin da ke faruwa bayan an rufe ƙofa, daga mai gida sai ma'aikaci sai Allah.

Mu koma ga dattijonmu. Ƙa'ida ta 11 cikin waɗancan na 2014 ta ce ba a yi wa mutum komai sai da yardarsa, kuma karya ta laifi ne da ake kai kamfani kotu a kansa. Bayanta akwai dokar 2005 kan ikon yanke shawara, wadda ta ce a ɗauka kowane baligi yana da hankalin yanke wa kansa hukunci sai an tabbatar da akasin haka. Ta ƙara da wani abu da ke yi wa irinmu wuyar haɗiyewa: don mutum ya zaɓi abin da ke wauta a idonki, wannan bai nuna hankalinsa ya gushe ba. Mai ciwon suga da ya ce sai ya sha shayi da suga cokali uku, in yana gane abin da zai biyo baya, shayinsa ne. Aikinki ki gaya masa gaskiya, ki sake tayi an jima, ki rubuta cewa ya ƙi, ki sanar da ofis.

In kuma mantuwar tsufa ta ci ƙarfinsa har ba ya gane abin da ake faɗa masa game da maganin, ba ke za ki yanke ba. Sai an auna fahimtarsa kan wannan magana takamaimai, sannan likita da mai haɗa magani da iyali su zauna su duba abin da ya fi masa alheri, a rubuta. Daga nan ne kawai ake iya ɓoye magani a abinci, kuma mai haɗa magani zai faɗi ko ƙwayar tana dakuwa, don akwai waɗanda dakawa ke ɓata aikinsu. Kulle wa mutum ƙofa don kada ya fita ya fi wannan nauyi. A gidan mutum na kansa, tsare shi irin wannan sai da izinin kotun da ke kare marasa ikon yanke shawara. Ko ɗansa na cikinsa ne ya ce ki kulle, maganarsa ba izini ba ce.

Ƙa'idoji na 9 da 10 suna magana kan kulawar da ta dace da mutum shi kansa, da kuma mutuncinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka da shi ake rubuta tsarin kula da shi: wane suna yake so a kira shi, me yake ci, mace yake so ta yi masa wanka ko namiji, yana salla ko yana zuwa coci. Wannan ɓangare ba baƙo ba ne a wurinmu. Wanda ya taso yana jinyar kaka ya san ana rufe tsiraici, ba a yi wa babba magana kamar yaro.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne ƙa'ida ta 12, ta kare lafiya. Kowane magani da takardarsa, a sa hannu bayan an bayar, ba kafin nan ba, ba kuma da yamma a cike na safe daga ka ba. In tsarin ya ce mutum biyu ne za su ɗaga shi da na'ura, kada ki ce ai kina da ƙarfi don abokiyar aikinki ta makara. Ta 13 ta hana cutarwa kowace iri, har da sakaci da taɓa kuɗin mutum, ta 14 kuma ci da sha ce. Waɗannan ukun, idan karya su ya jawo cutar da za a iya kauce mata, ko ya jefa mutum cikin babban haɗari, hukumar na iya gurfanar da kamfani, kuma tarar ba ta da iyaka.

Ba haka kawai aka tsaurara ba. A 2011 shirin Panorama na BBC ya nuna yadda ma'aikata ke azabtar da masu lalurar fahimta a wani asibiti mai zaman kansa, Winterbourne View, kusa da Biristol. Wani nas ya riga ya kai ƙara CQC, ba a saurare shi ba. Ma'aikata 11 suka amsa laifi, aka ɗaure 6. A 2019 aka sake ganin irin haka a wani asibitin, Whorlton Hall, wurin da hukumar ta riga ta ba shaidar yana da kyau. Akwai kuma Oliver McGowan, matashi ɗan shekara 18 mai otizim, wanda ya rasu a 2016 bayan an ba shi maganin da shi da iyayensa suka ce kada a ba shi. Daga Yulin 2022 doka ta wajabta wa duk kamfani mai rajista ya horar da ma'aikatansa kan lalurar fahimta da otizim, kuma horon da gwamnati ta fi so a yi sunansa yake ɗauke da shi.

Kan ɗaukar ma'aikata kuwa, sai an binciki tarihin mutum ta hukumar DBS, an duba ko yana cikin jerin waɗanda aka haramta wa aiki da manya masu rauni, an nemi shaida daga inda ya taɓa irin aikin. Shiga wannan jeri shi ne abin tsoro ga ma'aikaci, domin ya rufe masa sana'ar gaba ɗaya. Dole kuma ma'aikata su wadatar. Hukumar NICE, mai fitar da jagora kan lafiya da kulawa, ta ba da shawara tun 2015 cewa kada ziyara ta gaza minti 30 sai da dalili na musamman. Shawara ce, ba doka ba, kuma duk wanda ya yi aikin ya san yadda ake cusa gidaje a jadawali har babu lokacin tafiya tsakaninsu. Wannan lokacin tafiya daga gidan wani zuwa na wani yana cikin lokacin aiki wajen lissafin mafi ƙarancin albashi, ko da kamfani ya yi kamar bai sani ba.

Ƙa'ida ta 20 ita na fi so. Ta samo asali ne daga rahoton lauya Robert Francis na 2013 kan sakacin da aka yi wa marasa lafiya a asibitin Stafford, inda aka daɗe ana rufa-rufa. Ta ce idan kuskure ya jawo mutuwa ko babbar illa, kamfani ya je ya gaya wa mutumin ko iyalinsa baki da baki, ya faɗi abin da ya sani, ya ba da haƙuri, sannan ya biyo da wasiƙa. Ba da haƙuri ba amsa laifi ba ne a kotu; wata doka ta 2006 ta riga ta raba su. Don haka in dattijo ya zame a hannunki, ɓoyewar ce za ta kashe ki, ba zamewar ba.

Bayan dubawa, hukumar na yin tambaya biyar: akwai aminci, kulawar na aiki, akwai tausayi, ana biyan bukatar mutum, shugabanci na da kyau. Sai ta ba da ɗaya daga matakai huɗu: fitacce, mai kyau, yana bukatar gyara, ko ya gaza. Dole kamfani ya bayyana matakinsa a ofis da shafinsa na intanet. Sai dai a duba kwanan watan da aka ba da matakin. Binciken da Dakta Penny Dash ta yi a 2024 ya gano cewa kusan ɗaya cikin biyar na wuraren da hukumar ke da ikon dubawa ba a taɓa ba su mataki ba, wasu kuma an shekara da shekaru ba a leƙa su ba, har ministan lafiya na lokacin, Wes Streeting, ya ce hukumar ba ta iya aikinta.

In abu ya ɓaci, iyali su fara da kamfanin, don ƙa'ida ta 16 ta tilasta masa karɓar ƙorafi ya bincika. In bai gamsar ba, akwai ofishin sauraron ƙorafi kan ƙananan hukumomi da kula da jama'a. CQC tana karɓar bayani tana amfani da shi, amma ba ta warware ƙorafin mutum ɗaya. Zargin cutarwa kuwa ƙaramar hukuma ake kai wa, wadda sashe na 42 na dokar kulawa ta 2014 ya ɗora wa nauyin bincike, in da gaggawa a kira lambar agaji ta 999.

Ma'aikaci ma yana iya kiran CQC ba tare da ya faɗi sunansa ba, kuma dokar 1998 ta hana a kore shi don ya fallasa ɓarna. Matsalar ita ce bizar ɗan ƙasar waje a hannun kamfanin take. In aka ƙwace wa kamfanin lasisin ɗauko ma'aikata, yawanci kwana 60 ake ba mutum ya sami wani mai ɗaukar nauyinsa ko ya bar ƙasar. Wadda ta sayar da fili ta biya dillali kafin ta zo, tana da yara a makaranta, ita ce ake so ta ɗaga waya ta kai ƙarar wanda takardunta ke hannunsa. Gwamnati ta kafa cibiyoyi a yankunan Ingila da ke haɗa irin waɗannan ma'aikata da sababbin kamfanoni, kuma ƙungiyoyin ƙwadago irin su UNISON suna karɓar masu wannan aiki. Gara a nemi lambarsu a ajiye tun ana zaman lafiya da ofis.